Wanda Aka Yi Wa Laifi Shi Ya Biya: Lacca a Kan Ceto da Sulhu a Aƙidar Kirista

 Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan majalisi, da suka ga ya dace Musulmi da Kirista su zauna a ɗaki ɗaya su saurari bayanin wata mas'ala wadda, ko da yake ita ce ginshiƙin addinin maƙwabtan da muke cin kasuwa ɗaya da su, da yawa a cikinmu ba su san ta ba sai daga bakin masu sukarta, wasu kuwa daga cikin masu riƙo da ita sun haddace lafazinta tun suna yara ba tare da sun taɓa tsayawa sun auna nauyinta ba. Mas'alar ita ce ta ceto, da sulhu tsakanin ɗan Adam da Mahaliccinsa, kamar yadda malaman Kirista suka karantar da ita. Ba mujadala ce ta kawo ni ba. Aikina bayani ne, inda na ga hujja ta yi ƙarfi in faɗa, inda na ga ta yi rauni ma in faɗa.

Kowa a nan ya san yadda ake sulhu a ƙasarmu. Idan mutum ya ci mutuncin wanda ya girme shi, ko shanunsa suka yi ɓarna a gonar wani, shi mai laifin ne zai nemi dattawa biyu ko uku, ya ƙulle goro, ya taka har ƙofar gidan wanda ya ɓata wa, ya durƙusa a zaure, a ba da haƙuri, a ƙiyasta ɓarna, ya biya. Wanda aka yi wa laifi kuwa yana zaune bisa buzunsa, iyakar abin da ake nema gare shi ya yarda ya karɓa. To, aƙidar Kirista ta kifar da wannan tsari ƙasa bisa, domin abin da take cewa shi ne wanda aka yi wa laifi, wato Allah, shi ne ya taso ya zo ƙofar mai laifi, shi ne kuma ya ɗauki asarar. Duk wanda ya riƙe wannan jimla ya riƙe bakin zaren, domin kusan duk saɓanin da ya auku a kan wannan mas'ala tsakanin malaman Kirista cikin shekara dubu biyu, daga Iskandariya zuwa Jamus, ƙoƙari ne na faɗin wannan magana ta hanyar da ba za ta jingina wa Allah zalunci ba, ba kuma za ta mai da mutum rago ba.

Asalin maganar yana cikin wasiƙun Manzo Bulus, waɗanda su ne mafi daɗewa a cikin rubuce-rubucen Sabon Alkawari. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga mutanen Korinti, sura ta 5, wadda ya rubuta wajen shekara ta 55 ko 56, da kuma wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ita ma sura ta 5, ya yi bayanin sulhu, kuma ɗaliban nahawu da ke cikinmu za su ji daɗin lura da cewa a duk inda ya ambaci al'amarin, Allah ne fa'ili, mutum kuwa maf'uli. Bai taɓa cewa mutane sun lallashi Allah har ya huce ba. Kullum Allah ne ke jawo duniya zuwa gare shi ta wurin Yesu Almasihu, kuma a cewarsa an yi wannan aiki ne tun mutane suna cikin gaba da Ubangijinsu, ba su roƙa ba, ba su ma san suna da bukata ba.

Amma me ya raba su tun farko? Nan ne wuri na farko da tafarkin Kirista ya rabu da na Musulmi. Dukansu sun yarda Adamu da Hauwa'u sun saɓa umarni sun ci daga itaciyar da aka hana su. Malaman Musulunci, bisa nassin Suratul Baƙara, sun ce Annabi Adamu ya tuba, aka karɓi tubarsa, maganar ta ƙare a kansa, kowane jariri kuma ana haifarsa ne a kan fiɗira. Malaman Kirista kuwa sun ce wannan saɓo ya yi wa ɗabi'ar ɗan Adam rauni mai gado, ta yadda mutum yakan san alheri, ya so shi ma, amma ya wayi gari ya aikata akasinsa. Wanda ya fi kowa kafa wannan fahimta a yammacin duniya ɗan Afirka ne, Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, ya rasu a can a shekarar 430. Abokin jayayyarsa wani mai zuhudu ne daga Birtaniya, Felajiyus, wanda da ya zo Rum ya ga yadda masu kuɗi ke sheƙe aya suna fakewa da raunin ɗan Adam, sai ya ce ai Allah ba ya kallafa wa bawa abin da ba zai iya ba, tun da ya yi umarni da tsarki, to tsarki mai yiwuwa ne ga duk mai himma. Ba na jin akwai malamin fiƙihu a nan da zai ga aibu a wannan magana. Agustin ya amsa da cewa ita himmar kanta ta kamu da cutar, mai ciwon da hannunsa ya shanye kuwa ba ya ɗaga kansa daga shimfiɗa da wannan hannu. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj a shekarar 418 ta ba Agustin gaskiya. Sai dai yana da kyau a sani cewa ikilisiyoyin gabas, na Girka da Masar da Habasha, ba su bi shi har ƙarshen hanya ba: sun yarda an gaji mutuwa da karkata zuwa ga saɓo, amma ba su faye cewa an gaji alhakin laifin Adamu ba, kuma suna da madogara, tun da littafin Annabi Ezekiyel, sura ta 18, ya kore ɗora wa ɗa laifin ubansa.

Idan an tabbatar da cutar, saura magani, kuma ba a fahimtar maganin sai an koma ga ibadar Bani Isra'ila. A Littafin Firistoci, sura ta 16, an tsara Ranar Kaffara, ran goma ga wata na bakwai, ranar da babban firist, shi kaɗai kuma sau ɗaya tak a shekara, yake ratsa labule ya shiga wuri mafi tsarki da jinin hadaya. Akan kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a a kansu, a yanka ɗaya a yayyafa jininsa, ɗayan kuwa firist ya ɗora hannuwansa biyu bisa kansa ya furta laifuffukan jama'a, sa'an nan a kora shi jeji. Yesu ya rayu a lokacin da ake wannan ibada a Haikalin Urushalima, aka gicciye shi, bisa ruwayar Linjila huɗu, a zamanin gwamnan Rum Bilatus Babunti, wanda ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Uku daga cikin Linjilar sun ruwaito cewa a sa'ar mutuwarsa labulen nan ya tsage. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ɗauki wannan duka ta yi masa tawili, ta ce Almasihu shi ne firist shi ne kuma hadayar, ya shiga sau ɗaya, ba a bukatar maimaitawa. Da sojojin Rum suka rushe Haikalin a shekara ta 70, yankan hadaya ya tsaya ga Yahudawa, malamansu suka mai da ƙarfi ga tuba da addu'a da sadaka, Kirista kuwa suka ce su tasu hadayar an riga an gama ta. Haka 'ya'yan gida ɗaya suka ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya.

Yanzu ina so in daɗe kaɗan a kan wata 'yar wasiƙa, domin a ganina babu wani babban littafin tauhidi da ya bayyana mas'alar kamar yadda ta bayyana ta, alhali kuwa ayoyinta 25 ne kacal, kuma ba a rubuta ta don koyar da aƙida ba. Bulus yana kurkuku, sai ya haɗu da wani bawa mai suna Onisimus, wanda ya bar gidan ubangijinsa Filimon, wani mai hali a garin Kolosi da ke ƙasar Turkiyya ta yau, wanda jama'ar Kirista ke taruwa a gidansa. Alamu sun nuna bawan ya jawo wa maigidansa asara, ko ta sata ko ta wata hanya. A dokar Rum bawa dukiya ne, wanda ya gudu akan yi masa bulala, ko a yi masa lalas a goshi, ko a ɗaura masa ƙarfe a wuya, wanda ya ɓoye shi kuma ya shiga laifi. Onisimus ya karɓi addini a hannun Bulus, Bulus kuwa, maimakon ya riƙe shi ko ya sallame shi ya ƙara gaba, sai ya mai da shi wurin Filimon da takarda a hannu.

Don a ga abin da ke sabo a cikin takardar, sai a gwada ta da wata wadda ta yi kama da ita, wadda wani babban ɗan majalisar Rum, Filini Ƙarami, ya rubuta wa abokinsa Sabiniyanus bayan wannan da shekaru kamar arba'in ko hamsin, yana roƙon afuwa ga wani 'yantaccen bawa da ya ɓata wa abokin nasa rai. Filini mutum ne mai kirki, hujjojinsa kuma su ne waɗanda kowane dattijo zai kawo: yaron ya yi nadama, ya yi kuka, ƙuruciya ce, na riga na yi masa faɗa, fushi kuma ba ya yi wa mai taushin zuciya irinka kyau. Duk nauyin roƙon yana kan nadamar mai laifi da karamcin maigida, shi Filini kuwa bai yi asarar ko anini ba. Bulus bai ambaci kuka ko nadama ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya shiga tsakani da kansa: ya kira bawan ɗansa, ya nemi Filimon ya karɓe shi kamar yadda zai karɓi shi Bulus in ya zo, ya karɓe shi kuma a matsayin ɗan'uwa, sa'an nan, a nan ne maganar take, ya ce duk wani bashi ko asara a rubuta a kansa, ya rubuta da hannunsa cewa zai biya. Wato bai ce a manta da asarar ba, bai kuma ce ba a yi laifi ba. Ya yarda akwai bashi, ya yarda sai an biya, amma ya sauya sunan wanda ake bi. Martin Luther, a gabatarwar da ya yi wa wannan wasiƙa cikin fassararsa ta Jamusanci ta 1522, ya ga hoton aikin Almasihu ne a cikinta, kowane mai bi kuma yana matsayin wannan bawa.

Ba zan wuce ba sai na faɗi abin da ke damun mai karatu na gaskiya. Bulus bai fito fili ya umarci Filimon ya 'yanta bawan ba, ya dai yi masa hannunka mai sanda cewa yana sa ran zai yi fiye da abin da aka roƙa. Wannan shiru ya yi tsada, domin a Amurka, musamman bayan dokar kama bayin da suka gudu ta 1850, masu wa'azi da ke goyon bayan bauta sun riƙa ɗaga wannan wasiƙa suna cewa ga manzo da kansa ya mai da bawa wurin ubangijinsa. Masu yaƙi da bauta su ma da ita suka yi hujja, suna tambaya ta yaya mutum zai kai ɗan'uwansa kasuwa. Ni dai ina ganin na biyun sun fi kusa da manufar marubucin, amma ba na jin adalci ne a yi kamar na farkon ba su sami abin kamawa ba.

To, idan an ce an biya fansa, hankali zai tambaya: wa aka biya? Malaman farko, irin su Orijin na Iskandariya da Girigori na Nisa, sun ce Shaiɗan, domin shi ne ya riƙe mutane a bauta, har na biyun ya siffanta al'amarin da cewa Iblis ya haɗiyi abin da ya zaci ganima ce, ashe ajalinsa ne. Girigori na Naziyanzus, abokin zamaninsa, ya ƙi wannan sarai, yana ganin abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi diyya daga Allah. Atanasiyus, bishop na Iskandariya wanda ya rasu a 373, ya ɗauki wata hanya wadda har yau ita ce ta ikilisiyoyin gabas: abokiyar gaba ita ce mutuwa da ruɓewa, Kalmar Allah ya ɗauki jikin mutum don ya shiga cikin mutuwa ya karya ta daga ciki, saboda haka a wurinsu tashin Almasihu daga matattu a rana ta uku shi ne cibiyar ceto, kuma idin tashin ya fi kowane idi girma.

A yamma kuwa, wanda ya tsara mas'alar tsari irin na masu ilmin kalami shi ne Anselm, haifaffen Aosta a Italiya, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila a 1093, ya saɓa da Sarki Wiliyam na Biyu har ya bar ƙasar, ya kammala littafinsa kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum a 1098 yana gudun hijira a kudancin Italiya. Ya rubuta shi ne a siffar tambaya da amsa tsakaninsa da almajirinsa Boso, ya kuma ɗaura wa kansa sharaɗin cewa zai kafa hujja da hankali kaɗai, kamar ba a taɓa jin labarin Almasihu ba. Ga yadda ƙiyasinsa ya tafi. Bawa yana da wajibin yi wa Mahaliccinsa cikakkiyar ɗa'a, saboda haka duk ibadar da zai yi gobe haƙƙin gobe ce, ba ta biyan bashin jiya. Girman laifi kuma ana auna shi ne da girman wanda aka yi wa. Ke nan bashin ya fi ƙarfin duk abin halitta. Barin laifi haka nan ba gyara kuwa ba ya dacewa da mai mulkin da ya daidaita kome, domin zai mai da mai ɗa'a da mai saɓo ɗaya. Sakamakon shi ne mutum ne ya wajaba ya biya amma ba zai iya ba, Allah ne zai iya amma ba shi ake bi ba, don haka sai wanda ya haɗa allahntaka da 'yan'adamtaka. Hujja ce mai tsari, duk wanda ya karanta mandiƙi zai yaba ɗinkinta, ko da bai yarda da muƙaddimominta ba.

Ba a yi nisa ba Bitrus Abelard, malamin birnin Faris wanda ya rasu a 1142, ya tayar da shubuhar da har yau ba ta kwanta ba: ta yaya kisan marar laifi, wanda shi kansa zunubi ne da ya fi cin 'ya'yan itaciya muni, zai zama abin da ke faranta wa Allah rai? A ganinsa gicciye bayyanar ƙauna ce wadda ke kunna ƙauna a zuciyar mai kallo, har ya bar saɓo don so, ba don tsoro ba. Bernard na Clairvaux ya yi masa ca, yana cewa ya mai da Mai Ceto malamin tarbiyya kawai, aka kuma hukunta wasu ra'ayoyinsa a majalisar Sens. Bayan ƙarni huɗu Yohanna Kalbin na Janiba ya ɗauki ginin Anselm ya mai da shi harshen kotu, ya ce Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya cancanci masu laifi, wannan fahimta kuwa ita ce ta fi yawa a bakin masu wa'azin bishara a ƙasarmu. A nan zan faɗi ra'ayina, 'yan'uwana fastoci su yi mini haƙuri. Sau da yawa akan ji wa'azin da ke zana Uba mai fushi riƙe da sanda, da Ɗa mai tausayi da ya tare dukan, kamar su biyun ba bakinsu ɗaya ba. Wannan hoto ya rushe nahawun Bulus da muka fara da shi, ya kuma rushe aƙidar Kirista kanta ta cewa Uba da Ɗa zati ɗaya ne da nufi ɗaya. In har za a riƙe maganar musanya, to dole a riƙe ta da sharaɗin cewa alƙalin da mai biyan tarar ɗaya ne. In aka raba su, shubuhar Abelard ta ci.

Saura tambayar yadda wannan ceto ke isa ga mutum, wadda ta raba ikilisiyar yamma biyu. Labarin sananne ne, ba zan ja shi ba. A 1517 wani mai wa'azi, Yohanna Tetzel, yana yawo a Jamus yana sayar da takardun sassaucin azaba, kuɗin kuwa rabi na ginin majami'ar Bitrus a Rum, rabi na biyan bashin da babban bishop na Mainz ya ci don samun muƙaminsa. Luther, malamin jami'ar Wittenberg, ya rubuta batutuwa 95 na munazara, a 1521 Paparoma Leo na Goma ya fitar da shi daga ikilisiya. Matsayinsa shi ne mutum yana samun barata a gaban Allah ta alheri kaɗai, ta wurin bangaskiya kaɗai, ayyuka nagari kuwa 'ya'yan itacen ne, ba saiwarsa ba. Majalisar Katolika da ta zauna a Tirento ta amsa a Janairun 1547 da cewa lalle farkon abin alheri ne wanda ba a saye, amma alherin yana sāke mutum daga ciki, mutum kuma yana ba da haɗin kai, suna dogara da wasiƙar Yaƙub wadda ta ɗauki bangaskiyar da ba aiki a matsayin gawa. Aka la'anci juna, aka yi yaƙe-yaƙe. Sai ran 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a takardar da ta ce a kan jigon wannan mas'ala sun daidaita, la'anar ƙarni na sha shida kuma ba ta hau kan koyarwar da aka bayyana a cikinta ba. Methodist suka shiga a 2006. Shekara 482 ke nan kafin masu wa'azin sulhu su sulhunta a kan ma'anar sulhu, ko da yake har yanzu ba su ci Jibin Ubangiji a teburi ɗaya ba.

Na san tambayar da ke zuciyar malamaina Musulmi, kuma tambaya ce mai nauyi: Allah mai iko ne bisa kome, Mai gafara ne, Mai jinƙai, me zai hana ya yafe kawai ga wanda ya tuba? Alƙur'ani ya maimaita cewa ba wanda ke ɗaukar nauyin wani, Suratun Nisa'i aya ta 157 kuma ta kore kisa da gicciye ga Annabi Isa ɗungum. Ceton da Musulmi ke fata na ranar alƙiyama ne, bisa izinin Allah, alhali Kirista yana maganar abin da ya riga ya auku a wata Juma'a a bayan ganuwar Urushalima. Har ma mai tambaya zai iya kafa hujja da Linjilar Luka, sura ta 15, inda Yesu ya ba da misalin ɗan da ya karɓi gādonsa tun uban yana raye, ya lalatar, ya dawo, uban ya karɓe shi ba hadaya ba mai shiga tsakani. Amsar malaman Kirista ita ce a sake duba misalin: dukiyar da ta salwanta ta uban ce, ba ta dawo ba, shi ne kuma ya zubar da girmansa ya sheƙa da gudu ya tarye shi a idon gari. Suna cewa babu gafarar da ba ta da farashi, duk mai yafewa ya haɗiye asarar da ya kamata ya ɗora wa wani, gicciye kuwa shi ne siffar wannan haɗiyewa idan Allah ne ya yi ta a cikin tarihi. Musulmi zai ce Allah ya tsarkaka daga asara da wahala, kome kuma ba ya rage mulkinsa. A nan ne ainihin saɓanin yake, a kan abin da ya halatta a jingina wa zatin Allah, kuma ban ga amfanin a lulluɓe shi da kalmomin zumunci ba; sanin inda aka rabu ya fi zama lafiya amfani bisa ga riya cewa ba a rabu ba.

Abu na ƙarshe shi ne abin da wannan aƙida ke nema daga mai riƙe da ita game da ɗan'uwansa mutum. Linjilar Matiyu, sura ta 5, ta umarci mai kawo baiko, in ya tuna wani yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je ya shirya da shi tukuna. Wasiƙa zuwa ga Afisawa ta ce mutuwar Almasihu ta rushe katangar da ke tsakanin Bayahude da wanda ba Bayahude ba, masu sauraro na farko kuwa sun san katanga ta haƙiƙa, domin a Haikali akwai shinge da aka kafa wa duwatsu masu rubutun gargaɗin kisa ga duk baƙon da ya ƙetare. An tono ɗaya daga cikinsu a 1871, yana gidan tarihi a Istambul.

Wurin da aka gwada wannan koyarwa a fili a zamaninmu shi ne Afirka ta Kudu. Tun a 1985 wasu malaman Kirista na ƙasar, akasarinsu baƙaƙe, suka fitar da takardar da ake kira Kairos, suna sukar shugabannin ikilisiya da ke kiran a yi sulhu alhali zalunci yana nan daram, suna cewa sulhu ba adalci ba tuba ba sulhun Kirista ba ne. Bayan faɗuwar mulkin wariya aka kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu ƙarƙashin Babban Bishop Desmond Tutu, ta fara zama a Afrilun 1996, da sharaɗin cewa wanda ya bayyana laifinsa duka, ya kuma nuna na siyasa ne, za a yi masa afuwa. Doka ba ta nemi ya yi nadama ba. Sama da mutum 7,000 suka nema, 849 suka samu. An ga abubuwan ban mamaki a zaurukan nan, iyaye mata sun yafe wa waɗanda suka kashe 'ya'yansu, ba kuma zan rage wa wannan daraja ba. Amma a auna shi da ma'aunin wasiƙar Filimon. Bulus ya ce a rubuta bashin a kansa, a can kuwa afuwar ta ɗauke wa waɗanda aka zalunta har haƙƙin kai ƙarar neman diyya, wato an rubuta bashin a kan wanda ke bin jinin, ba a kan mai shiga tsakani ba. Iyalin Steve Biko, wanda ya mutu a hannun 'yan sanda a Satumban 1977, suna cikin waɗanda suka kai ƙarar wannan doka Kotun Tsarin Mulki a 1996, suka faɗi. Daga baya hukumar ta hana 'yan sandan da ke da hannu a mutuwarsa afuwa, amma a 2003 gwamnati ta sanar ba za a gurfanar da su ba. A wannan shekara ce kuma aka yanke abin da za a ba waɗanda hukumar ta tabbatar an zalunta: ita ta ba da shawarar a riƙa biyansu kowace shekara har shekara shida, gwamnati ta ba kowannensu rand 30,000 sau ɗaya.

Shugaba, na ga lokacin da aka ɗiba mini ya cika, na kuwa hangi hannuwa tun ɗazu. Sai a ba malamai dama.